Garinmu yana mutuwa a tsaye, ta ina za mu fara ƙungiyar raya shi?

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa yin irin wannan aiki da hannunsa.

Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, shekarata goma sha tara a nan, amma an yanke cibiyata a wani ƙaramin gari ta wajen Soba. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai maganar da za ta taɓa mutane. Watan jiya na je rasuwar ƙanin mahaifina, na kwana huɗu, kuma tun da na dawo raina bai kwanta ba. Da aka zo haƙa kabari, samari uku kaɗai aka samu a unguwarmu. Wani dattijo mai furfura, sa'an marigayin, shi ya naɗe hannun riga ya karɓi diga. Sauran samarin suna Abuja da Legas da Fatakwal, wasu acaɓa, wasu ga-ruwa. Da ci-rani ake zuwa a dawo da faɗuwar ruwan farko, yanzu kuwa wanda ya tafi sai dai ka ji muryarsa a waya.

Kasuwarmu da ke ci ranar Litinin, wadda ina yaro sai ka yi da ƙyar ka kutsa layin 'yan hatsi, na ƙirga masu shimfiɗa ba su kai ashirin ba. Rumfar mahauta ta rufta. Famfon tuƙa-tuƙa uku ne a garin, ɗaya ke aiki, 'yan mata na jera bokitai tun kafin kiran asuba. Aji biyu na firamare iska ta yaye rufinsu. Kuma ba wai ƙasar ta gaji ba ne, masara da waken suya da shinkafar fadama duk suna yi. Sai dai amfanin ba ya kwana a garin, daga masussuka ake loda shi don biyan bashin ba-da-kaka.

Mu 'yan garin da ke waje mun buɗe zauren WhatsApp, mun kai sittin, kowa na cewa a kafa ƙungiya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne an taɓa kafa wata. Aka tara kuɗin gina kwalbati, ba a gina ba, ba kuma rubutu ko na layi ɗaya. Har yau akwai gidaje biyu da ba sa zuwa sunan juna saboda wannan magana.

To ta ina za mu fara? Rajista a ina ake yi? Wa ya kamata ya shugabanta, mu na birni ko na gida? Kuma yaya ake yi da 'yan siyasa?

Tsohon Malamin Gona:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baffanka, ya sa ya huta.

Ɗana, na yi shekara talatin ina yawo a ƙauyukan Giwa da Kudan da Makarfi a kan babur, na ga ƙungiyoyi da yawa an haife su an binne. Kusan duk waɗanda suka mutu da suna suka fara, da hatimi, da rabon muƙamai. Ku ajiye wannan tukuna. Ka koma gida, ka fara da dagaci, ka bi masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, da liman, da sarkin noma, da sarkin kasuwa in har akwai shi. Kada ka je da takarda a hannu. Ka zauna a tabarma ka tambaye su abin da ya fi damunsu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za ka iya tarar da abin da ya tsaya maka a rai ba shi ne na farko a wurinsu ba.

Sannan ku ɗauki aiki guda ɗaya tak, wanda za a fara a gama cikin rani ɗaya, kowa ya gani da idonsa. Da ni ne, famfunan nan biyu zan kama. Sau da yawa ba rijiyar ce ta ƙafe ba, robar da ke cikin silinda ce ta cinye ko rodi ya katse, makanike ya zaro bututu ya canza, kafin la'asar ruwa ya zo. Hukumar RUWASSA ta jihar Kaduna ita ke da alhakin ruwan karkara, ku tuntuɓe su ta sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Amma gyaran ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne a sa yaro biyu na garin su tsaya a kan makaniken su koya, kuma kowane gida ya riƙa ba da ɗan abu duk wata a ajiye don lalacewa ta gaba.

Bayan ruwa, abin da na ga ya fi riƙe gari shi ne rumbun jama'a. Da kaka kowane magidanci ya kawo abin da aka yanke, ko tiya biyar ce. A zuba a buhun PICS mai ninki uku, a matse iska a ɗaure kowane ninki daban, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Kada a buɗe sai Yuli zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, mutum ke zuwa ya ci bashin buhu ɗaya ya biya biyu. A ba shi rance daga rumbun, ya mayar da kaka da ɗan ƙarin da aka amince a kai tun farko, ku kuma tambayi malamanku yadda za a tsara shi ya kuɓuta daga riba. Ɗakin ajiyar a sa masa kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku daga unguwanni daban-daban. Ma'aji ya tashi bayan sallar Juma'a ta farkon wata ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, da ƙarfi, ko da naira ɗari biyu ce. Wannan karatun shi ne maganin ciwon kwalbatinku.

Wani abin da ke ba ni takaici, ga Samaru a ƙofar gidanku. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana nan ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ita ke fitar da irin masara na SAMMAZ da dawa SAMSORG da wake SAMPEA da gyaɗa SAMNUT. Ga NAERLS masu wayar da kan manoma, ga NAPRI a Shika ta dabbobi. Manomi shi kaɗai kunyar shiga yake ji, amma ƙungiya mai mutum arba'in da gonar gwaji a bakin hanya ana sauraronta. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai, na ga bambanci tsakanin waɗanda ke haɗe suna jin labari da wuri da waɗanda kowa ke kukansa shi kaɗai.

Akawun Lauya:

Malam ya gama magana, ni dai ɓangaren takarda zan taɓa. Ƙofa uku ce. Mafi sauƙi ita ce rajista da sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukumarku, kuma ita ta ishe ku a farko. Idan harkar rumbu da rance da sayen taki a tare za ku yi, ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai a ofishin jiha, doka ta ce mutum goma sun isa su kafa.

Ta uku ita ce CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ƙungiya irin taku tana rajista ne da sunan amintattu, aƙalla mutum biyu. Za ku kai tsarin mulkin ƙungiya da bayanin taron da aka zaɓe su, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan haka duk shekara akwai rahoton da ake shigarwa, in an yi sakaci tara ta taru. Banki kuma galibi zai nemi takardar SCUML, ofishin yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Kada ku kashe kuɗin gyaran famfo a kan wannan yanzu. Abu ɗaya dai nake roƙo, kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da liman ne. Filin da za a ba ku na ɗakin ajiya kuma a rubuta, dagaci da magadan mai filin su sa hannu.

Maman Islamiyya:

Malam Tela, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Amma ka duba, kai da bakinka ka ce 'yan mata ke jera bokiti tun asuba, sannan a cikin mutum sittin ɗinku mata nawa ne? Garin da maza suka tafi, mata ne ke riƙe da shi. Su ke turara shinkafa, su ke ƙuli-ƙuli da awara, su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

A garinmu da aka rasa wanda za a ba amanar kuɗi, uwar adashe aka ɗauko, tsohuwar da ta fi shekara ashirin tana riƙe zubin mata ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ba ta karatun boko, jikarta ke rubuta mata, amma ta fi littafin sanin lissafin. Ba sai an haɗa su zama da maza ba. A yi musu nasu taron a makarantar Islamiyya bayan la'asar, su fitar da wakilai biyu, kuma makulli ɗaya cikin ukun da Baba ya faɗa ya zama nasu. Kwamitin kula da makaranta na SBMC da kwamitin lafiya na gunduma duk akwai gurbin mata a ciki, sai dai a wurare da yawa sunaye ne kawai a takarda.

Ɗan Fadama:

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ina cikin waɗanda ba su tafi ba, a wani gari ta wajen Hunkuyi. Ku na birni kuna zuwa da Sallah, ku yi taro a zauren dagaci, ku raba shugaba da sakatare a tsakaninku, kwana uku ku koma, mu a bar mu da ɗibar yashi. Shugaba ya zama wanda ke kwana a garin. Ku ku zama masu nemo hanya da tallafi.

Kuma gyaran famfo ba zai dawo da saurayi daga Legas ba. Abin da ya kore shi, daga Disamba zuwa Mayu ba ya da abin da zai kawo masa ko sisi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ban-ruwa da injin fetur ya gagari da yawanmu. Ku saya wa ƙungiya injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, a ba samari biyar-biyar haya a fadama, za ku ga an fara dawowa. Ɗan siyasa kuwa, ku kai wa kansila da ciyaman buƙatarku a rubuce, haƙƙinku ne. Amma buhun kuɗi a lokacin kamfe kada ku karɓa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗan Fadama, maganarka ta yi zafi amma gaskiya ce, har mun fara maganar ba wani ɗan kasuwa da ke Abuja shugabanci, daren jiya na ce a dakata. Hajiya, mata huɗu ne cikin sittin, kuma ban taɓa lura ba sai da kika tambaya. Akwai gwaggona mai riƙe adashe, da ita zan fara.

Baba Malam, akwai abin da ban faɗa ba. Ɗaya daga gidajen nan biyu namu ne, wanda ya riƙe kuɗin kwalbatin ɗan wan mahaifina ne. Yana nan da rai, ya tsufa, ba ya da abin biya. Jibi Juma'a zan rufe shago in tafi. Ina tunanin kafin in taka zauren dagaci in ɗauki liman mu je ɗaya gidan, in ce mu 'ya'yan gidanmu mun ɗauki nauyin kuɗin, za mu zuba shi a gyaran famfo a gaban kowa. Ku kuna ganin in fara da can, ko in bari sai dagaci ya kira mu?

Tsohon Malamin Gona:

Ka fara gaida dagaci, ka sanar da shi niyyarka, don kada ya ji a bakin wani. Daga nan ku wuce gidan kai da liman, da safe, kafin a fita gona. Shi ɗan'uwan naka kada ka tafi da shi a zuwan farko, amma ka faɗa masa tun daren.