Oba-oba ta ƙi kaiwa gona: wat zan ƙara ko eriya zan canja?

Mai tambaya, daga Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da gonar masara da albasa ta wajen Lagdo, tsakaninta da ƙauyen da sitonmu yake kimanin kilomita 11, kuma rezo a can sai an hau tudu. Na sayo oba-oba, wato rediyon magana na hannu, ƙirar Baofeng UV-5R guda huɗu don yaran gona. Da an wuce kilomita 3 sai shuuu kawai ake ji. Mai shago ya ce in dawo in ɗauki mai wat 8, wani kuma ya ce doguwar eriya ce magani. Wanne zan bi?

Mai gyaran rediyo, Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. UV-5R wat 4 zuwa 5 take bayarwa a HIGH, wat 1 a LOW. Idan eriya tana kusa da ƙasa, kamar a hannun mutum a tsaye, sai ka ninka wat wajen sau 16 kafin nisa ya ninka sau 2. Daga wat 5 zuwa 8, kilomita 3 ɗin nan naka ba zai kai 3 da rabi ba. Abin da zai ƙaru shi ne zafi da shan batir, ga ranar Garwa a watan Afrilu ta haura digiri 40. Kuma wat ɗin da ke jikin kwali ba kullum ne shi ke fita ta eriya ba. Kafin komai shiga MENU 2 ka ga TXP, wato ƙarfin turawa, yana HIGH, MENU 0 kuma ka sauke SQL, wato matoshin shuuu, zuwa 1 ko 2. Idan SQL yana sama, rediyon na toshe murya mai rauni alhali ta iso.

Mai ɗaura eriya, Garwa: Gaskiyar malam ce. Tsawo shi ne maganar. Zangunan da oba-oba ke aiki a kai suna tafiya ne kusan kamar hasken tocila, abin da ya tare ido yana tare su: tudu, ginin siminti, kurmin darbejiya. A fili mai shimfiɗe, in ka ninka tsayin eriya sau 2, kamar ka ninka wat sau 4 ne. Daga mita 1.5 na hannu zuwa mita 9 a kan sanda ninki 6 ke nan, wato kamar wat sau 36. Wannan zai kai ka kilomita 7 zuwa 8. Ga 11 sosai, ba tsinkewa, sai ka kafa sanda a sito, ka kafa wata a bukkar gona, yaran da ke cikin gona su riƙa magana da na bukka.

Eriyar kana iya haɗa ta da kanka. Nemi kan haɗi SO-239 mai ramuka huɗu da wayar jan ƙarfe mai kauri, irin ta wuta 2.5. Raba 7100 da lambar MHz ɗin da za ku yi aiki a kai, abin da ya fito shi ne tsawon waya a santimita: 150 MHz zai ba ka 47, 450 MHz kuma kusan 16. Yanka biyar. Ɗaya ka like ta da dalma a tsakiya, a tsaye cak. Huɗun ka ɗaure a ramukan, ka lanƙwasa su ƙasa kamar digiri 45, wannan lanƙwasar ce ke kawo ta kusa da om 50, ma'aunin dacewa da rediyon ke so. Sai a ɗora a kan bututun roba ko gora, ta haura kwanon rufi da mita 2 ko fiye. Shafe wurin dalmar da silikon, don ruwa in ya shiga kebul ya gama da shi. Damina kuma, da an ga hadari a cire kebul daga rediyo a ajiye bakinsa waje.

Mai tambaya: Madalla, Allah ya saka. Ina da ragowar kebul na dish wajen mita 20, zai yi? Kuma wane zango zan bi, VHF (irin 150 MHz) ko UHF (irin 450 MHz)?

Mai ɗaura eriya: Kebul na dish, wato RG-6, om 75 ne, ba 50 ba. Yana aiki, asarar rashin dacewar kaɗan ce, wahalarsa kawai ragar aluminiyam ce, ba ta kama dalma, sai da kan haɗi na matsewa. Amma kada ka bar mita 20 a naɗe, yanke daidai buƙata. Shi RG-58 siriri da ake yawan sayarwa, mita 10 na cinye sama da rabin ƙarfinka a UHF, a VHF kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ga daji da gonaki VHF za ka bi, itatuwa ma ba su cika cin ta ba. UHF ta cikin kasuwa da gine-gine ce. Tsakanin kebul da rediyo ka sa ɗan guntun kebul mai laushi, kansa ɗaya SMA mace, wato ƙaramin kan haɗi mai rami a tsakiya. In ka ɗaura mai kauri kai tsaye, nauyinsa zai karya bakin eriyar daga allon ciki.

Wani ɗan'uwa, Ngaundere: Ni a kan na hannun yara zan yi magana. 'Yar gajeriyar eriyar da ke zuwa a kwali ta yi wa VHF kaɗan, shi ya sa take raguwa a can. Nagoya NA-771 mai kusan santimita 39 ta fi ta, sai dai jabunta sun cika kasuwa, wata ma ba ta kai ta kwalin ba. Gwada a wuri guda, da mutum guda a nesa, ka canja eriya ka saurara, kafin ka sayi huɗu. Duba bakinta: UV-5R tsinke gare ta a ciki, don haka SMA mace take karɓa. Akwai dabarar da ba ta cin ko sisi: waya siririya santimita 47 zuwa 49, ka fere bakinta ka naɗa a gindin eriya inda ƙarfe yake, ka bar ta tana reto. A gaya wa yaran su riƙe rediyo a tsaye, nesa da fuska kaɗan. In ɗaya ya kwantar da tasa, ɗaya ya tsayar, murya na iya ɓacewa gaba ɗaya. Kuma kada a danna magana babu eriya, yana ƙona abin tura murya.

Mai gyaran rediyo: Ƙari ɗaya. Kunnen Baofeng ba ya tace tashoshi da kyau. A ƙauye ba damuwa, amma in aka ɗaura mata babbar eriya cikin Garwa kusa da gidan rediyon FM, sai ta kurumce, a ɗauka eriyar ce ba kyau.

Dattijo a cikin 'yan zauren, Kuseri: Alhaji, kafin ka yanka waya, je ka ofishin ART, hukumar kula da sadarwa ta Kamaru, ka nemi izini da zangon da za a ba ka, tunda da lambar za ka auna tsawon eriyar. Na ƙetaren Shari su nufi takwararta ARCEP a Njamena. UV-5R na buɗe daga 136 zuwa 174 da 400 zuwa 520 MHz, a ciki akwai zangunan hukuma da jami'an tsaro. Yadda arewa take yanzu, oba-oba huɗu a jaka ba takarda a shingen jandarma doguwar magana ce. Kowane yaro ya riƙe kwafin takardar a aljihu.