"Goyon kaka": zagi ne ko yabo?

Ɗan Zazzau: Jama'a barkanku da warhaka. Jiya a wurin aiki wani ya ce mini "kai dai goyon kaka ne", don na ƙi cin tuwon da ya kwana. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Wace kaka ma ake nufi, mace ko namiji?

Uwar Biyu: Mace mana. Ina ka taɓa ganin tsoho da zanen goyo? Kalmar ɗaya ce, kakana ga namiji, kakata ga mace, ta wajen uba ko ta wajen uwa, amma a nan tsohuwa ake nufi. Kuma ƙanina, ba yabonka ya yi ba. Sangartacce yake nufi, wanda ba a kwaɓa.

Malam na Maraɗi: Hajiya, a yi wa tsofaffi adalci. Da iyaye ba sa ko kiran sunan ɗan fari saboda kunya, ana yaye shi wajen shekara 2 sai a kai shi ɗakin kaka. To wa zai tsawata masa? Tsakaninta da jika wasa ne. Namiji ta ce "mai gidana, ina cefane?", mace ta ce "kishiya". Wanda kike kira miji ai ba kya zane shi.

Uwar Biyu: Ai ka ƙara ƙarfafa maganata, Malam.

Baƙin Ganga: Ni kakata ce ta goye ni, kuma wallahi ban ga sangarta ba. Asuba take tashina in ɗebo ruwa. Gaskiya dai tana ɓoye mini ƙuli-ƙuli a cikin ƙwarya ƙarƙashin gado, in babana ya ɗauko tsumagiya kuwa bayanta nake laɓewa, ta ce "taɓa shi ka gani". Amma tatsuniya da karin maganar da nake ji da su yau duk a bakinta na tsinta. Ku lura, in aka ji yaro yana magana irin ta manya, shi ma cewa ake goyon kaka ne.

Malam na Maraɗi: Yauwa. A wajenmu ma ana faɗarsa da wannan ma'anar, sai ka duba fuskar mai maganar.

Ɗan Zazzau: Nawa dai yana yatsina ya faɗa.

Uwar Biyu: To ka ci ɗumamenka gobe, a wuce wurin.