Me ya sa Nijeriya ta bar tsarin Firaminista?

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum jama'a. Tun da wasu 'yan Majalisar Wakilai kimanin sittin suka kawo ƙuduri a watan Fabrairun 2024 cewa a koma tsarin Firaminista, muke ta gardama a ɗakin malamai. Wasu na cewa wancan tsarin ya fi arha kuma ya fi sa shugaba jin tsoron majalisa, wasu na cewa shi ya jefa mu cikin juyin mulkin 1966. Ni an haife ni zamanin Babangida, ban ga ko ɗaya daga cikin jamhuriyoyin farko ba. Don Allah waɗanda suka sani su warware mana: yaushe aka fara majalisa a ƙasar nan, yaushe 'yan Arewa suka shiga, kuma mene ne ainihin dalilin da ya sa aka watsar da tsarin su Tafawa Ɓalewa?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka uku ce, kuma ta ukun ba ta amsuwa sai an bi ta kan biyun farko, sai ka yi haƙuri da tsawon magana.

Zaɓen 'yan majalisar dokoki ya shigo ƙasar nan da tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922. Kujeru huɗu kacal aka bari a zaɓa, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara ne ke da ƙuri'a. Arewa ba ta cikin wannan majalisa sam. Gwamna ne ke yi mana doka da sanarwa, a miƙa wa Razdan, wato Baturen da ke kan lardi, Razdan ya miƙa wa En'e, wato hukumar mulkin sarki. Sai a 1947, da tsarin Richards ya fara aiki, aka kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Dokoki a Kaduna, 'yan Arewa irin su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fara zama ɗaki ɗaya da 'yan Kudu a majalisar ƙasa. Ka lissafa da kanka: su Herbert Macaulay sun kafa jam'iyya suna takara tun 1923, mu kuwa sai bayan kusan shekara 25 muka leƙa ƙofar. Mafi yawan zargin juna da ya biyo baya daga wannan tazarar ya taso.

A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa, Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina na gaba, suka tsaya kai da fata sai an ba Arewa rabin kujeru. Aka ba su. Tsarin Macpherson na 1951 ya kawo Majalisar Wakilai mai zaɓaɓɓu 136: Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba ƙasa mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, ba a yi wata biyu ba rikici ya ɓarke a Kano aka yi asarar rayuka. Wannan ne ya sa kowa, har Turawan, ya yarda cewa ba za a iya riƙe ƙasar daga wuri ɗaya ba, aka yi tsarin tarayya na 1954, kowace jiha da Firimiyanta. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kai a 1957, Arewa ran 15 ga Maris 1959.

Zaɓen Disambar 1959 ina da wayo, ina aji huɗu. Na raka mahaifina har bakin rumfar. Ba dangwala yatsa ake yi a takarda ba kamar yanzu, kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan labule, an manna alamar jam'iyya a jiki, fartanya ta NPC ta su Sardauna, tauraro na NEPU ta su Malam Aminu Kano. Ka shiga kai kaɗai ka jefa a wanda kake so. Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 a Arewa suke. NPC ta fi kowa amma ba ta kai rabi ba a ranar, sai ta haɗa gwamnati da NCNC ta su Azikiwe, Awolowo ya zama jagoran adawa.

To ga inda tsarin ya fara ɗingishi, kuma nan nake so ka tsaya ka duba da kyau. A Ingila, shugaban jam'iyyar da ta yi rinjaye shi ne Firaminista. A nan shugaban NPC Sardauna ne, ya zaɓi ya zauna Kaduna, mataimakinsa a jam'iyya shi ya tafi Legas ya zama Firaminista. A Yamma Awolowo ya yi akasin haka, ya tafi Legas ya bar wa Akintola kujerar Firimiya, ba a daɗe ba suka ɓata. A watan Mayun 1962 aka ba hammata iska a zauren majalisar Ibadan, aka karya sandar majalisa, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dokta Majekodunmi ya riƙe jihar. Kowace jam'iyya gidanta jiha ɗaya ce, saboda haka duk ƙuri'ar da aka kaɗa a majalisa ta zama ta Arewa da Kudu. Sannan da muka zama jamhuriya a 1963, aka sami kai biyu: Azikiwe Shugaban Ƙasa na girmamawa, Tafawa Ɓalewa mai riƙe da mulki. Bayan zaɓen Disambar 1964 da 'yan adawa suka ƙaurace wa a wurare da yawa, Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Firaminista ya kafa gwamnati, har aka shiga tambayar wa sojoji za su yi wa biyayya. An sasanta a farkon Janairun 1965, amma zaɓen Yamma na ƙarshen shekarar ya ƙarasa abin da ya rage. Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe su Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola, Allah ya jiƙan musulmi.

Waɗannan abubuwan ne ke cikin zukatan mutane lokacin da Janar Murtala ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki a Oktoban 1975, Rotimi Williams na shugabanta. Murtala da bakinsa ya nuna sun fi son shugaba mai cikakken iko wanda ƙasa duka za ta zaɓa. Abin da ake gudu biyu ne: kai biyu a gwamnati ɗaya, da mutum ya mulki ƙasa alhali mazaɓa ɗaya ce ta zaɓe shi. Shi ya sa aka sa sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, wanda shi ma ya kai mu kotun ƙoli a 1979 kan lissafin kashi biyu cikin uku na jihohi 19 na lokacin, wato sha biyu da biyu bisa uku, kafin a tabbatar da Shagari.

Ra'ayina kuwa, ba sunan tsarin ne ya cuce mu ba. Duk lokacin da soja ya karɓi mulki, ma'aikatun gwamnati na nan, alƙalai na nan, ma'aikata na zuwa ofis, majalisa kaɗai ake sa wa kwaɗo. An rufe ta daga Janairun 1966 zuwa Oktoban 1979, an sake rufewa daga ƙarshen 1983 zuwa ƙarshen 1992, ta yi zaman da bai kai shekara ba Abacha ya rushe ta a Nuwamban 1993, sai 1999. Wajen shekara 28 ke nan cikin 39 na farkon 'yancin kai. Tsara guda ta 'yan siyasa ta tashi ba ta taɓa ganin an titsiye minista kan kuɗin jama'a ba. Majalisar da ta yi ta mutuwa tana tashi haka, ko wane suna ka ba tsarin, sai ta ɗau lokaci kafin ta san ƙarfinta.

Jikan Sawaba:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru ƙwarai. Amma da izininka akwai inda ban gamsu ba.

Na farko, da aka ce an ba Arewa kujeru 68 a 1951, a tambaya wa ya hau su. Zaɓen hawa-hawa aka yi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe En'e na da damar cusa mutanenta. NEPU da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950 ta yi nasara a matakan ƙasa a cikin birni, amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu ba. Kakana tela ne ɗan NEPU, ya sha ɗauri saboda taron siyasa, har ya rasu yana ba mu labarin yadda ake zuwa a kwashe su da asuba. Malam Aminu Kano kansa sai a 1959 ya shiga Majalisar Wakilai. Tarihin majalisa a Arewa ba ya cika in ba a faɗi wannan ba.

Na biyu, tsarin shugaban ƙasa ma mun ga aibinsa tun ranar farko. A Kaduna a 1979 jama'a suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, majalisar jiha kuma NPN ke da rinjaye. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki babu su, a Yunin 1981 suka tsige shi. A tsarin Firaminista hakan ba ta taso ba, domin gwamnati daga cikin majalisa take fitowa. Kuma minista ɗan majalisa ne, yana da mazaɓar da zai koma ya fuskanta, dole ya tashi tsaye ya amsa tambaya a zaure. Yau ana gayyatar shugaban hukuma ya aiko da wakili. Ga tsadar takara: wanda zai nemi ƙuri'a a jihohi 36 dole ya nemi masu kuɗi, su kuma ba sadaka suke yi ba. Ni dai ina goyon bayan a koma.

Uwar Marayu:

Sannunku da ƙoƙari. Baba ya ce ya raka mahaifinsa rumfar zaɓe a 1959, ina so matasa su lura cewa mahaifiyarsa ba ta je ba, domin doka ba ta ba ta ƙuri'a ba. Matan Kudu sun yi zaɓe a wannan shekarar, har aka naɗa Wuraola Esan a Majalisar Dattawa a 1960. Mu matan Arewa duk jamhuriya ta farko ta zo ta wuce ba mu jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, Hajiya Gambo Sawaba tana shiga kurkuku tana fita a kan wannan magana. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe mana, sannan babban zaɓe na 1979. Na je na 1979 da goyon ɗiyata ta fari, layin mata ya fi na maza tsawo a unguwarmu, tsofaffi har da masu sanda.

Abin da ke damuna shi ne inda muke yanzu. Cikin sanatoci 109 na majalisar da aka rantsar a 2023, mata ba su kai biyar ba. A Maris 2022 an kawo ƙudurorin ware wa mata kujeru wajen gyaran tsarin mulki, majalisa ta yi watsi da su. Masu son a koma tsarin Firaminista su gaya mana ko akwai abin da suka tanadar mana a ciki, domin wancan da ake yabo bai san da mu ba.

Tsohon Hedimasta:

Hajiya, gaskiyarki, mahaifiyata sai a 1979 ta fara zaɓe, tana da jikoki.

Jikan Sawaba, abin da ka faɗa kan 1951 haka yake, kuma Tafawa Ɓalewa da kansa ya tashi a majalisar Kaduna a Agustan 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e, a lokacin da faɗin haka ba ƙaramin abu ba ne. Maganar Balarabe Musa ma na karɓa. Inda muka rabu shi ne zaton cewa majalisa ba ta da haƙora a tsarin yanzu. Ran 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta binne tazarcen Obasanjo, ana nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen garinsa na kallonsa. A Fabrairun 2010, Marigayi 'Yar'aduwa na jinya a Saudiyya ƙasa ba mai riƙo, majalisa ce ta ba Jonathan riƙon ƙwarya, ba a ji ƙarar bindiga ba. Duka biyun a tsarin shugaban ƙasa aka yi su.

Sannan ka yi tunanin majalisar da a 1999 zuwa 2003 kaɗai ta yi shugabannin dattawa uku, Enwerem da Okadigbo da Anyim. In ita ce ke naɗa shugaban gwamnati tana saukewa, Firaminista nawa za mu yi a shekara huɗu? Kuma ko ana so, ƙudurin sai ya sami kashi biyu cikin uku a Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, alhali gwamnonin da za su rasa kujerunsu su ne ke juya waɗannan majalisun.

Malamin Firamare:

Na gode Baba, na gode Hajiya, na gode ɗan'uwa. Saura tambaya ɗaya: waccan Majalisar Sarakuna ta Kaduna, tana da ikon hana doka wucewa ne ko shawara kawai take bayarwa, kuma me ya sa ba a dawo da ita a 1979 ba?