Neman taimako: tasowar ruwan ƙasan teku na kawo jar gansakukar Fulorida ne ko kashe ta?

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa masu nazarin teku. Ina rubutun kammala karatu a kan Karenia brevis, ƙwayar gansakukar nan mai guba da ke rina ruwan gaɓar yammacin Fulorida a Amurka, kifaye su mutu birjik a kan yashi, masu shan iska a bakin ruwa su kama tari. Na cije a wuri ɗaya.

Abin da na fahimta: ba a gaɓa take farawa ba, can ciki take tsirowa, sai ruwan ƙasan teku mai tasowa sama ya turo ta bakin teku. Haka aka yi a annobar da ta faro ƙarshen 2017 ta kai farkon 2019. To amma a 2010 igiyar Loop, wato babbar igiyar ruwa da ke kewayawa a Tekun Meziko, ta jawo tasowar ruwa mai ƙarfi da daɗewa, kuma annobar ba ta zo ba. Bayanin masana shi ne tasowar ta sa abinci ya wadata a ruwan, wasu nau'o'in gansakuka masu saurin girma suka danne ta. Ina iyakar take ke nan? Ƙarfin tasowar ne, ko tsawonta, ko lokacin shekara?

Ga kuma kogin Caloosahatchee da ke kwaso ruwan tafkin Okeechobee na Fulorida ya zuba a wannan gaɓar. Ƙwayar ba ta jure ruwa mai ƙarancin gishiri, amma sinadaran takin da kogin ke zubarwa na ciyar da ita. Wanne ke rinjaya a bakin kogin?

Don Allah wanda ya taɓa auna irin wannan ya haska mini. Na gode.