Mai ne ko olsa? Dan Allah ku ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun suyar layya nake fama, da na ci abu mai maiƙo, ko ƙosai ne ko tuwo da man shanu, sai cikina ya yi dam kamar an ɗora dutse, ga tashin zuciya ga gyatsa har dare. Amma in kunu na sha ko fate lafiya lau. Maƙwabciyata ta ce olsa ce in riƙa jiƙa kanwa. Shekarata 41, yara biyar.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam yaya, ni ma haka nake yi duk azumi in na buɗe baki da soyayyen dankali da ƙwai. Da na koma dabino da kunu tukuna, suyar kuma 'yar kaɗan bayan isha'i, shi ke nan.

Anti Nas: Mu dai komai olsa, Allah ya kyauta. Ki ajiye kanwar nan tukun. Abin da ke faruwa, mai in ya bar tumbi ya shiga farkon ƙaramin hanji, hanjin na sakin wani sinadari ana ce masa CCK, shi ke matse matsarmama ta zubo ɗaci, don mai ba ya haɗuwa da ruwa sai ɗacin ya farfasa shi kamar yadda omo ke yi wa kwanon miya. Shi dai sinadarin nan da ɗan uwansa GLP-1 su ke ce wa tumbi dakata kar ka turo sauran, shi ya sa abincin ke daɗewa a ciki kina jin kin ƙoshi har zuciya ta tashi. Allurar Ozempic ta masu ciwon suga da ake ta yayi don rage ƙiba, GLP-1 ɗin take kwaikwayo, kuma tashin zuciya na cikin manyan illolinta. Ga shi mai na sassauta bakin tumbi na sama, ƙwannafi ke nan, balle ki ci ki kwanta.

Amma tambayata, akwai ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari, mai harbawa baya ko kafaɗar dama?

Mai tambaya: Wallahi anti akwai, sau biyu ya tashe ni cikin dare, ya yi wajen awa biyu sannan ya lafa.

Anti Nas: To wannan ba na kanwa ba ne, ya yi kama da tsakuwar matsarmama, ta fi kama mata, musamman masu haihuwa da yawa da waɗanda suka haura 40. In matsarmamar ta matsu tsakuwar ta toshe hanya sai ciwo. Ki je asibiti a yi miki sikanin, kar ki karya kafin ki tafi don a ganta sosai. Kafin nan ki rage suya da kakide, ki ci kaɗan-kaɗan. In kin ga zazzaɓi, ko ido ya yi ɗorawa irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, kar ki jira gari ya waye.

Mai tambaya: Na gode anti, Allah ya saka. Litinin zan je in sha Allah, bari in faɗa wa baban yara.