Littafin girki na ƙungiyar mata: da wane awo za mu rubuta?

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyar matan unguwarmu na so ta haɗa ɗan littafin girke-girken gargajiya, kamar kala talatin. Rabin matan tashin ƙauye ne, awonsu mudu da tafin hannu, girkinsu a murhun itace. Sauran tashin birni ne, sun saba da kofi da cokali da gas. In tsohuwa ta ce "ki zuba kanwa daidai misali", me za a rubuta? Kuma kowane girki sau biyu za mu rubuta shi, na ƙauye da na birni?

'Yar Bauchi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara ajiye mudu gefe, don mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, ga kuma bambancin tozo da shafe. Ku ɗauki ƙaramin gwangwanin madara, shi ne awon da ke kowane gida. A shafin farko ku rubuta cewa duk inda aka ce gwangwani, a shafe ake nufi. Sai ku auna mudun kowace mai ba da girki ku ga gwangwani nawa yake ci.

Amma awo kaɗai ba ya girki, dole kowane mataki ya zo da alamarsa. Ga misali da masa. Shinkafar tuwo gwangwani 4, a wanke a jiƙa awa 6 ko ta kwana. A dafa wani rabin gwangwani daban har ya yi luguf, a bari ya huce sarai kafin a haɗa, domin zafinsa na kashe yis. A markaɗa da albasa ɗaya, a sa yis cokalin shayi 1, a rufe. Nan ne littattafai ke ɓata wa mutane ƙullu, su ce "a bari awa kaza". A zafin watan Afrilu awa 4 ta isa, a hunturu kuwa sai ya kwana. Abin da za ku rubuta shi ne: ya kumbura ya kusa ninkawa, samansa ya yi ƙananan ƙofofi, yana ƙanshin tsami kaɗan. Sukari cokali 3 da gishiri sai an zo suya. Kaurinsa kamar kunu mai kauri, ya zubo daga ludayi ba tare da yankewa ba.

Ita kanwa, a jiƙa guntun ungurnu kamar girman ƙwallon dabino a rabin kofin ruwa, a tace, a riƙa zubawa cokali-cokali ana ɗanɗanawa har tsamin ya kwanta. In ta yi yawa masar za ta yi jaja-jaja, ta yi bauri. To kin ga "daidai misali" ya zama abin da amarya za ta iya bi.

Inna Mai Tuwo:
Rubuta girki sau biyu ɓata takarda ne. Ku rubuta sau ɗaya, a ƙasa ku sa layi biyu ko uku mai taken "in da gas ne". Bambancin ai na wuta ne da tukunya.

Tandar ƙasa a kan gawayi tana ɗaukar zafi a hankali ta riƙe shi, shi ya sa cikin masa ke nuna kafin bayanta ya ƙone. Tandar ƙarfe a kan gas kuwa tsakiya ke cin wuta, gurabun gefe su yi sanyi. Sai a rage wuta sosai, a riƙa juya tandar kanta. Haka tuwon dawa ko na masara. A murhu, in an gama tuƙi ana janye itace a bar garwashi ya sulala shi. A gas babu garwashi, don haka a mayar da wuta can ƙasa, a yayyafa ruwa kaɗan, a rufe minti 10 zuwa 15, a sake tuƙawa. Wadda ta tsallake sulala za ta ji gari-gari a baki, kuma kafin safe tuwon ya saki ruwa. Siririyar tukunyar kanti kama ƙasa take tun talge bai nuna ba, a nemi mai kauri irin ta maƙera.

A gari ma ku faɗi wane iri. Masarar da aka surfa aka wanke aka shanya kafin niƙa daban take da wadda aka niƙa da dusarta, shan ruwansu ba ɗaya ba ne.

Abu guda ne ba zan yarda a yi masa layin birni ba: daddawa a miyar kuka. Dunƙulen kanti gishiri da ɗanɗano yake bayarwa, ƙanshin kalwa kuwa babu inda zai samo shi. Ku rubuta daddawa ƙwaya 2 a daka da barkono da citta, ta tafasa minti 20 kafin a kaɗa kuka, in ba haka ba warinta na fitowa ɗanye. A rage wuta, a barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan ana burgawa da maburgi, kada a juye ta gaba ɗaya ta yi gudaji.

Abban Sadik:
Ni ta wajen rubutun zan sa baki. Ku kula da sunaye, don Hausar ba ɗaya ba ce. Abin da Bakano ke kira kuɓewa, a Sakkwato da Nijar guro ne. Mafi rikitarwa ita ce gujjiya: a can gyaɗa ake nufi, a Kano kuwa ƙwaruru. Wadda ta bi littafi ta yi kunun gyaɗa da ƙwaruru ba za ta yafe muku ba. Ku sa garin da girkin ya fito a ƙarƙashin sunansa, da shafi guda na sunaye a ƙarshe.

Tsofaffin kada a ba su takarda su cike. A je ranar da suke girkin, a naɗi muryarsu a waya da izininsu, duk abin da suka ɗebo da hannu a tare shi a gwangwani ko cokali kafin ya shiga tukunya. Daga nan a ba wadda ba ta taɓa yin girkin ba ta gwada da rubutun kaɗai. Duk inda ta tsaya ta yi tambaya, akwai layin da ya ɓace. Kowane girki a faɗi na mutum nawa ne.

Maman Walida:
Allah ya saka da alheri. Saura fura: mu rubuta kirɓi a turmi, ko mu halatta na'urar markaɗe?

Inna Mai Tuwo:
Na'urar ta damu ce, Hajiya, ba ta kirɓi ba. Dafaffen dunƙulen gero da zafinsa ake kirɓa shi a turmi, ana yayyafa ruwan zafi har ya yi danƙo ya daina kama taɓarya, sannan a cura a birkiɗa cikin gari. In an zo sha ne za a iya jefa shi a na'ura da nono, shi ma daƙiƙa kaɗan, in ya daɗe furar tsinkewa take.