Wai indomin mota tarkace ne?

Mai C300: Jama'a ni fa na gaji da mita. Tunda na cire indomin motata, tukunyar nan mai tace hayaƙi a layin salansa, aka ja min bututu miƙe daga inji har baya motar nan ta dawo hayyacinta, in na taka ta a gadar Kawo sai ka rantse yau aka sauke ta, mai ma ta rage sha. Amma kullum sai an kai ƙarata gun Alhaji wai na hana unguwa barci. Tarkacen da Turawa suka cusa don dokar ƙasarsu zan bari yana shaƙe min mota a wannan tsadar man? Duk mai son motarsa ta yi numfashi ya cire kawai.

Ɗan Barnawa: Tarkace ka ce? To yanzu ina tarkacen yake?

Mai C300: Na bar wa bakaniken mana, me zan yi da shi. Ko kuɗin walda bai karɓa ba, mutumin kirki wlh.

Ɗan Barnawa: Innalillahi 😂😂 mutumin kirki kam. Abokina an yi maka wankin babban bargo kuma ka yi godiya.

Injiniya: Ƙanina wannan abin da kake kira tarkace shi ne mafi tsada a duk layin salansarka. In an yanka tukunyar za ka ga wani abu kamar saƙar zuma, ƙananan ramuka birjik kamar taliyar Indomi, shi ya sa bakanikai suke ce masa indomi. A jikin ramukan an shafa filatinam da faladiyam da rodiyam, 'yan giram kaɗan ne amma su masu saye suke bi. A 2021 farashin rodiyam ya ninka na zinare sau da yawa. Aikin indomin in ya ɗau zafi ya juya gubar hayaƙin, wato kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba da sauransu, su fita a matsayin iskar da ba ta kai su illa ba. Kabon monoksaid ɗin nan shi ne dai wanda yake kashe mutane in an kwana da janareto a cikin gida, kuma ba ya wari balle ka ji shi.

Mai C300: Yaya lakca muka zo? Ni na ce mota ta ƙara ƙarfi, ku kun koma kan zinare.

Maman Biyu: Ni dai tambayata ɗaya, kai ne mai baƙar motar da ke wucewa ta layinmu a Malali wajen ƙarfe ɗayan dare? Don in kai ne Allah ya isa barcin yarana.

Mai C300: Anti tawa fara ce.

Mai Walda: Tsaya tsaya. Ɗan Barnawa me kake nufi da wankin babban bargo? Mutum ya ce tarkace ne, ya bayar da hannunsa, ina laifin bakanike? Ku kullum bakanike ɓarawo, amma in motarku ta mutu a baifas da tsakar rana mu kuke kira kuna oga don Allah. Mu 'yan kasuwar Panteka ta Kaduna mun gaji da wannan rainin.

Ɗan Barnawa: Wa ya ambaci Panteka? Ko kai ne ka yi aikin?

Mai C300: Ba a can aka yi ba, ku daina.

Mai Walda: Ai ko ba a faɗa ba mun san inda aka dosa.

Kawu: Yara ku bi a hankali. Kyauta sai wanda ya san darajar abin da ya bayar. In ka ce min abu tarkace ne alhali na san kuɗi ne na yi shiru na sa a buhu, to ni dai ba zan kira shi kyauta ba.

Mai Walda: Kawu da girmanka. Shi da ya sayi motar a hannun dila ya faɗa wa dilan ribar da zai ci in ya sayar? Kuma wani indomin da gaske tarkace ne, ya narke ya toshe, na sha yanka tukunya in ga ya zama gari yana kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani, mota ba ta iya hawa ko tudun Kawo, ka ce kar a cire?

Injiniya: Nan ka yi gaskiya oga, toshewa tana kashe ƙarfin mota sosai, kuma ina zargin nasa a toshe yake shi ya sa ya ji bambanci. Amma me ya toshe shi? Fulogi ko kwayil ya mutu, ɗanyen mai yana gangarawa cikin tukunyar yana ci da wuta har ya narkar da ita, ko injin yana shan baƙin mai. Ka cire indomi ciwon yana nan. Lafiyayyen indomi a injin da ba turbo abin da za ka samu in ka cire kaɗan ne, yawanci ƙarar ce take sa ka ji kamar kana tashi sama. Kuma motocin da aka yi wa Amurka tun daga 1996 suna da sensa a bayan indomin tana duba aikinsa, in babu shi sai ta kunna maka cek injin, a sa kwamfuta a ga lambar matsala P0420. Ƙanina wutar ta kama ko ba ta kama ba?

Mai C300: Wannan wutar ai kowace mota a Kaduna tana da ita 😅

Ɗan Barnawa: Wato ta kama.

Mai Honda: Ku ƙyale masu Benz, ƙara kawai suka iya. EOD ɗina da indominta da komai mu haɗu a hanyar Zariya ranar Lahadi.

Mai C300: Motar 2004 ce za ta yi min magana? Je ka gyara giya tukun.

Mai Honda: Giyata lafiya lau, taka ce in an ɗau hanyar Abuja mutum ya sauka kansa na juyawa saboda gurnani a cikin mota.

Maman Biyu: Ba wanda ya amsa min. Da sassafe in ya tayar da ita warin ɗanyen fetur har ɗaki.

Kawu: Ta ce miki fara ce Hajiya.

Maman Biyu: Da dare duk mota baƙa ce Kawu.

Injiniya: In ƙara kake so ai tukunyar baya ce mai rage sauti, ita ake canjawa a bar indomi a wurinsa. In kuma numfashi kake so akwai indomi mai manyan ramuka da ake sa wa motocin da aka yi wa gyara, mai ramuka 200 a murabba'in inci maimakon 400 da aka saba.

Mai Walda: A wane shago? Ka zo ka nemo min shi a garin nan in gani. Ku 'yan boko komai a intanet.

Ɗan Barnawa: To oga tunda tarkace ne nawa kuke sayar da shi?

Mai Walda: Ba sana'ata ba ce.

Admin: To ya isa haka. Abin da aka tsayar: kowa da motarsa da kuɗinsa, kuma har Injiniya ya yarda indomi yana kashe ƙarfin mota, ni ma shaida ne don tawa miƙaƙƙen bututu ne kuma ban ga komai ba. An yi wa bakanikai rashin adalci, Ɗan Barnawa ka ba oga haƙuri. Maganar ƙara Anti a rufe taga. Duk wanda ya sake rubuta kalmar tarkace zan cire shi.

Injiniya: Toshesshe na ce Admin, toshesshe.

Mai Honda: Lahadin dai tana nan ko an fasa?